Ciyaman Ɗin Iska Na Rukunin Ni'ima

Idan za a lissafa mutanen da Allah ya yi wa Abuja baiwa da su, to a fara da Alhaji Abdulhakim Nababa, sannan a ɗan huta kafin a nemi na biyu. Tsohon mataimakin darakta ne a wata ma'aikatar tarayya, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana rattaba hannu a takardun da bai karanta ba, har ya yi ritaya ba a taɓa kama shi da laifin yanke wata shawara ba. Mutum ne mai cika ido. Tumbinsa ne ke fara yin sallama, shi ya biyo baya, ƙanshin turarensa ya rufe ƙofa. In ya yi gyaran murya a masallaci, har ladan sai ya waiga ya ga ko an canza lokacin salla.

Gidansa na cikin Rukunin Gidajen Ni'ima, can kan hanyar Karshi. Wanda ya raɗa wa unguwar wannan suna ya sayar da filayensa ya bar gari tun kafin a fara fasa dutse a bayan tsaunin da ke gabas da ita. Da aka fara kuwa, hanyar jar ƙasa da ta bi ta bakin get ɗin unguwar ta koma ta tifofi. Daga hantsi har faɗuwar rana suna tafe, ɗauke da tsakuwa da yashi zuwa cikin gari inda benaye ke tsirowa, kowace tana jan wutsiyar jar ƙura a bayanta. Ƙurar kuma ba ta da girman kai, kowane gida tana shiga. Mace ta shanya farin zane da safe, ta kwashe ja da yamma. Yara su dawo daga makaranta da jan gira kamar an yi musu kwalliya. Ganyen mangwaron unguwar ya manta cewa shi kore ne. Ko awaki atishawa suke yi.

Alhaji bai san da wannan ba, kuma ba laifinsa ba ne. Daga sanyin esin ɗaki yake faɗawa esin jif, daga esin jif ya faɗa esin gidan aboki. Iskar da talaka ke shaƙa ba ta taɓa samun damar ganawa da shi ba.

Ana nan sai wani tsohon abokin aikinsa ya cusa sunansa cikin tawagar da za ta je wani taro a ƙasar waje kan ingancin iska a birane. Alhaji ya je. Ya halarci kowane zama, ya yi barci a kowanne cikin natsuwa, ya farka daidai lokacin tafi. Ya dawo da jaka mai tambarin taro, da hotonsa yana musabaha da wani Bature da bai riƙe sunansa ba, da kuma wata 'yar na'ura mai girman sabulun wanka. In iska na da kyau sai ta kunna koriyar fitila. In ta gurɓace sai ta kunna ja, ta kama tsuwa. Alhaji ya sa mata igiya ya rataya a wuya, ta kwanta bisa tumbi kamar lambar yabo.

Ranar Asabar ya tara mutanen unguwa a ƙarƙashin bishiyar da ke gaban masallaci, Musulmi da Kirista, masu gida da 'yan haya. Ya kafa Kwamitin Kula da Ingancin Iska. Ya tsayar da kansa takarar shugabanci, ya goyi bayan kansa, ya kuma karɓi nasarar cikin tawali'u. Sunan kwamitin ya yi wa bakin mutane tsawo, sai suka taƙaita muƙamin zuwa Ciyaman ɗin Iska. Alhaji ya ji daɗin sunan ƙwarai. Bai taɓa tambayar abin da ya sa matasa ke sunkuyar da kai in sun faɗa ba. Ya ɗauka ladabi ne.

"Jama'a," in ji shi, yana shafa na'urar, "ku ba ku san abin da kuke shaƙa ba. Ni na sani, domin na je inda ake sani. A ƙasar da na fito, iska ma sai an tantance ta kafin ta shiga hancin mutum. Ku kuwa kun saki hanci kamar ƙofar tasha, kowa ya shiga. Daga yau wannan sakaci ya ƙare. Maganar iska na zo muku da ita, kuma a kanta zan tsaya har ƙarshen rayuwata."

Aka ce Allah ya taimaki Ciyaman. Wasu suka yi tari, ba don rashin kunya ba, tifa ce ta wuce.

Sai Madam Christina ta ɗaga hannu. Tela ce, shagonta na kallon hanya, kuma 'yarta Treasure na fama da asma. Tun da tifofi suka ƙaru yarinyar ta fi kwana a asibiti fiye da zama a aji.

"Oga Ciyaman," ta ce da Hausarta ta Abuja, "yarinyana bai iya barci. Ƙirjin shi yana kuka kamar usur. Don Allah ka je ka yi magana da masu tifa, su rufe kaya da tamfol, su rage gudu, a zuba ruwa a hanya. Kai babban mutum ne, za su ji."

Alhaji ya yi mata murmushin da likita ke yi wa maras lafiyan da ya zo da shawara.

"Madam, wannan magana ce ta ƙasa-ƙasa. Mu a matakin tsare-tsare muke. Sai an yi bincike, bincike ya haifi rahoto, rahoto ya haifi taron bita. Ruwa a hanya ai kowa ma zai iya zubawa."

Madam Christina ta dube shi, ta dubi hanyar da babu wanda ya zuba wa ruwa, ta zauna.

Bincike ya fara washegari da sassafe. Wadda ta fara faɗawa hannu ita ce Larai mai ƙosai, wadda ke suya a bakin get tun kafin a yi wa gidan Alhaji rufi. Ciyaman ya miƙa na'ura saman kaskonta. Na'ura ta yi ja, ta kama tsuwa.

"Kin ji ko?" ya ce. "Kimiyya ce ke magana. Hayaƙin ƙosanki ne ke kashe mu a unguwar nan."

Yana cikin bayani sai ga tifa ta taho a guje. Nan take Alhaji ya juya mata baya, ya rungume na'urar a cikin babbar riga kamar jariri, don kada ƙurar hanya ta rikita masa sakamakon bincike. Da ƙura ta lafa, Larai ta buɗe faifan da ta rufe ƙosanta da shi, ta ce, "Ranka ya daɗe, ita waccan da ta wuce fa, ba a auna ta?"

"Ita wucewa take yi," in ji Ciyaman. "Ke ce a zaune."

Ya umarce ta ta matsa da kaskonta bayan katanga. Ta matsa har ya sha kwana, sannan ta dawo. Haka ya bi unguwa. Ya hana shara bayan fitowar rana. Ya gargaɗi mai shayi kan tururin tukunyarsa. Ya tsaya a bayan wani mai nama yana auna hayaƙin tsire har sai da aka naɗe masa ɗan abin taɓawa a takarda, sannan na'ura ta samu sauƙi a ganinsa. A gida ne kawai aka samu matsala. Ranar da ya shiga ɗakinsa bayan Hajiya Muhibba, maiɗakinsa, ta turara masa kaya, na'urar ta yi tsuwar da ba ta taɓa yi ba ko a gaban tsire.

"Baban Nazeefa, abin wuyanka na kuka," in ji Hajiya.

"Gajiya ce," ya ce. "Ta yi aiki da yawa yau." Ya cusa ta ƙarƙashin filo.

Kada a zalunce shi a ce bai taɓa tunkarar masu tifa ba. Ya tunkare su sau ɗaya. Ya fita cikin jif, gilashi a rufe, ya tsaya gefen hanya, ya ɗaga wa wani direba yatsa alamar gargaɗi. Direban ya ɗauka gaisuwa ce, ya danna masa hon, ya ƙara wuta. Da Alhaji ya koma gida ya sanar a zauren unguwa na waya cewa an yi tattaunawa mai ma'ana da masu ruwa da tsaki a harkar sufuri.

Bazara ta kankama, rana ta gasa ƙasa har ta zama gari. Treasure ta sake kwanciya a asibiti. A makon ne Ciyaman ya sanar da babban shirinsa: Ranar Iska Mai Tsabta, irinta ta farko a tarihin Rukunin Ni'ima. Za a gayyato babban jami'i daga hukuma. Za a gayyato gidan talabijin. Shi kuma zai yi jawabi.

Fili ɗaya ne ya rage a unguwar mai ciyawa, inda yara ke buga ƙwallo, mata ke shan iska da la'asar. Alhaji ya zagaya shi hannu a baya, ya ga ciyawar ba ta tsaya a layi ba, ba ta dace da takalman manyan baƙi ba. Ya sa aka kawo gireda, motar kankare ƙasa. Kafin azahar fili ya zama fes, ja wur, babu ko tsinke. Aka kafa rumfuna. Aka jera tukwanen ƙasa na garin Ushafa masu kyau a gefen dandamali, aka soka musu furannin roba, domin na gaske suna buƙatar ban ruwa. Aka girke manyan fankoki biyu suna fuskantar inda Ciyaman zai tsaya, don kada gumi ya ɓata masa hoto.

"Ko za a ɗan yayyafa ruwa a filin?" in ji Hajiya Muhibba, tana goge masa hula.

"Ki jawo mana laka a gaban kyamara? Hajiya, ki bar harkar iska ga masu ita."

"Na bar muku," ta ce. Ta miƙa masa takunkumin fuska. Ya ture.

"In rufe fuskar da mutane suka zo gani?"

Daga ƙofar gidan Alhaji zuwa filin, ko tsohuwa mai sanda ba za ta nemi wurin hutawa ba. Amma shugaba ba ya isa taro da ƙafa. Ya aro jif-jif daga abokai, aka fita ta ƙofar baya, aka zagaya ta babbar hanya, aka shigo ta get da jiniya. Don jama'a su more kallo, ayarin ya kewaya filin sau da dama kafin ya tsaya. Ƙasar da gireda ta tona jiya ta tashi tsaye ta yi musu maraba. Mutanen da ke cikin rumfa suka rufe hanci da mayafi da hula da duk abin da hannu ya kai. Babban jami'in hukuma bai samu zuwa ba, ya turo wakili, wakilin kuma ya turo nasa wakilin, wani siririn mutum da ya leƙo daga mota, ya ga yanayin, ya ce zai bi taron daga ciki.

Alhaji ya fito cikin farar shadda mai ɗaukar ido, an yi mata aiki tun daga wuya har gwiwa. Ya hau dandamali. Ya duba bai ga 'yan talabijin ba, amma jawabin ya riga ya cika masa ciki, ba zai jira ba. Ya ba da umarni aka kunna fankoki.

"Ya ku jama'ar Ni'ima!" Lasifika ta ɗauka. "Kafin zuwana, kuna numfashi ne kawai irin na gado, ba ilimi, ba tsari. Yau, albarkacin jajircewar wannan kwamiti, da hangen nesan wanda ke jagorantarsa, wanda kunya ba za ta bar ni in ambaci sunansa ba, iskar unguwar nan ta shiga sahun iskokin duniya!"

Na'urar wuyansa ta fara tsuwa. Ya ɗora mata hannu.

"Murna take yi. Yanzu ina so kowa ya sauke hannu daga hancinsa. Ku dube ni. Zan nuna muku yadda ake jan numfashi a ƙasashen da suka ci gaba. A buɗe ƙirji, a buɗe baki, a ja har ƙasan ciki. Bismillah!"

Ya ware hannuwa kamar zai tashi sama. Daidai lokacin jerin tifofi suka kunno kai ta bakin get, suna tsere da juna. Ƙurar hanya ta haɗu da ta fili, fankokin nan biyu suka tattara ta cikin biyayya, suka miƙa wa Ciyaman a baki. Shi kuwa mutum ne mai cika alkawari. Ya ja har ƙasan ciki.

Abin da ya biyo baya, lasifika ce ta kai shi har unguwar maƙwabta. Tari ne mai hawa-hawa, wani na turo wani. Hula ta yi nata wuri. Tabarau ya bi ta. Alhaji ya dafa tukunyar Ushafa, ya rungumo furannin roba, ya sauko daga dandamali ba tare da ya yi shawara da ƙafafunsa ba. Baƙi suka watse. Wakilin wakili ya ja motarsa. Jif-jif ɗin aro suka bi shi, suka ƙara wa fili abin da ya rage.

Larai da Madam Christina ne suka kamo shi, ɗaya a kowane hannu, suka kai shi bakin get, suka zaunar da shi kan kifaffen bokiti kusa da kaskon ƙosai. Farar shadda ta koma launin tukunya. Gemu ja, gira ja, kai babu hula, hawaye sun tsaga hanyoyi biyu a kumatu. Larai na ba shi ruwa a kofin roba, Madam Christina na yi masa fifita da faifai.

"Sannu, ranka ya daɗe," in ji Larai. "Ka sha a hankali. Wucewa take yi."

A wannan hali 'yan talabijin suka iso. Sun makara ne saboda sun maƙale a bayan tifofi. 'Yar jaridar, wata budurwa mai suna Monica, ba ta ga dandamali ba, ba ta ji jawabi ba. Abin da ta gani shi ne wani dattijo a kan bokiti, jajawur, yana neman ransa. Ta yi wa mai kyamara alama.

"Baba, sannu. Mene ne sunanka?"

Ga kyamara, ga abin magana a bakinsa, ga damar da ya yi wa tanadi tun dawowarsa daga ƙasar waje. Alhaji ya buɗe baki zai jero suna da muƙami. Tari ya riga su fita. Ya sake gwadawa, ya ɗaga yatsa. Tari ya sake cin zaɓe.

Sai Madam Christina ta karɓi magana. Ta nuna hanya, ta nuna tifofi, ta faɗi yadda 'yarta ke kwana a zaune tana kokawa da numfashi, ta faɗi yaran unguwa da ke tari kamar tsofaffi. Ba ta yi jawabi ba, faɗa ta yi. "Ku duba wannan baba," ta ce. "Da safe fari ne ya fito."

Da yamma Alhaji ya yi wanka ya zauna gaban talabijin, yana jiran ya ga sunansa. Sai ga shi a kan bokiti. A ƙasan hoton an rubuta: wani bawan Allah da ƙura ta kusa hallakawa. Hajiya Muhibba ta tashi ta shiga kicin, inda aka jiyo ta tana wani irin tari da bai yi kama da na ƙura ba.

Kafin gari ya waye hoton ya zagaye wayoyin Abuja. Aka raɗa masa suna Baba Mai Tari. Mutane suka yi ta tausayi. Wasu na tambaya ina 'ya'yansa da suka bar shi haka. Wata ƙungiyar agaji ta zo unguwar da buhun shinkafa da atamfa tana cigiyarsa. Mutanen Ni'ima, Allah ya saka musu, suka rufa asiri, suka ce baƙo ne ya wuce. Shinkafar dai ba ta koma ba.

Hukuma kuwa kunya ta kama ta. Abin da koke bai yi ba, bokiti ya yi. Tankar ruwa ta fara bin hanya safe da yamma. Aka tilasta wa tifofi rufe kaya da rage gudu. Kafin damina ta yi nisa aka kawo motocin aiki, aka shimfiɗa kwalta tun daga bakin get har mahaɗa. Mata suka sake dasa ciyawa a fili. Treasure ta koma makaranta, har tana gudu a hanya uwarta na ƙwala mata kira. Aka shanya farin zane, aka kwashe fari.

Duk wannan lokaci Ciyaman na cikin gida, wai yana nazarin sakamako. Gaskiyar magana, abu biyu ne suka hana shi sakat. In ya yi shiru, aikin da ya fi kowane girma a tarihin unguwa zai tafi ba sunansa. In ya yi magana, ya amsa cewa shi ne na kan bokiti. Ya auna wannan, ya auna wancan. Ranar buɗe titi, son suna ya yi rinjaye.

A wannan karon babban jami'in da kansa ya zo, tunda akwai kyamara da kwalta. Ya tsaya gaban wani allo da aka lulluɓe da ƙyalle, ya ce, "Wannan titi ba mu muka yi shi ba. Wani talaka ne ya yi shi, dattijo maras gata, wanda har yau ba mu san sunansa ba. Duk inda yake, Allah ya share masa hawaye."

Alhaji ya miƙe daga sahun gaba, cikin sabuwar shadda, yana walƙiya.

"Ranka ya daɗe, ga shi a gabanka. Ni ne."

Jami'in ya dube shi daga hula har takalmi, ya daɗe a kan tumbi.

"Alhaji, ka ji tsoron Allah. Ko wahalar talaka ma sai kun ƙwace?"

"Wallahi ni ne! A tambayi jama'a!"

Jama'a suka dubi sama, suka dubi ƙasa. Sun yi alkawarin rufa asiri, kuma mutanen Ni'ima ba sa saɓa alkawari.

"To," in ji jami'in, "abu mai sauƙi. Duk ƙasar nan an san tarin Baba. Yi mana mu ji."

Aka miƙo masa abin magana. Kyamara ta juyo. Alhaji ya gyara tsayuwa, ya buɗe ƙirji, ya ja numfashi har ƙasan ciki. Iska ta shiga, mai sanyi, mai ƙanshin ciyawa da ruwan sama, ba ko ƙwayar ƙura a cikinta. Ya yunƙura. Ya sake yunƙurawa, jijiyoyin wuya suka tashi. Abin da ya fito ɗan wani sauti ne siriri, irin na ɗan kyanwa da aka taka wa wutsiya.

"Ba shi ba ne," in ji jami'in. "A ba Alhaji kujera."

Ya ja ƙyalle, allo ya bayyana, aka ɗauki tafi: Titin Baba Mai Tari.

Gida na farko a kan titin kuwa na Alhaji Abdulhakim Nababa ne. Har yau in baƙo ya bugo waya yana neman kwatance, sai Ciyaman ya yi gyaran murya ya ce, "In ka iso wajen mai ƙosai, ka tambaya."